Buta Uku Kafin Asuba: Tarihin Waswasi da Maganinsa

 

Babu unguwar Hausawa a wannan ƙasa, daga Tibati zuwa Banyo, daga Ngaundere zuwa Garwa, wadda ba ta san irin mutumin da za mu yi magana a kansa ba. Shi ne wanda yake riga ladan zuwa bakin masallaci cikin sanyin hunturu, amma har liman ya ɗago daga ruku'un farko yana nan tsugune da buta ta uku. Ya wanke hannu ya sake, ya shafi kai ya yi kokwanto, ya koma farko. In ya samu ya shiga sahu, ya ɗaga hannu ya yi kabbarar harama, ya sauke, ya sake ɗagawa, har na kusa da shi su fara gyaran murya. Yara su laƙaba masa suna. Manya kuwa, wasu su ce tsantseni ne, wasu su ce iska ce ta shafe shi. Da wuya a ji wanda zai ce ciwo ne, balle a ce akwai maganinsa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ƙara da ta zo zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Wani magidanci ne surukinsa ya kawo. Sau uku cikin shekara guda yana cewa matarsa ta tattara ta tafi gidansu, ba tare da sun yi ko cacar baki ba. Da aka tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce: “Baba, ban furta ba. Amma kalmar ta gifta a zuciyata ina cikin sallah, kuma ina tsoron in zauna da ita a kan haram.” Aka aika aka kira malam, malam ya saurara, ya ce babu saki, ya kawo hujja. Mutumin ya tashi yana godiya har da hawaye. Kwana huɗu aka yi sai ga shi ya dawo shi kaɗai bayan la'asar, da tambayar nan dai, ya ce wataƙila bai yi wa malam bayani daidai ba. Fatawar ba ta da aibi, shi ma ya san haka, amma ta kasa zama a zuciyarsa. Wannan ya mayar da mu ga littattafan da muka karanta muna yara, sa'an nan ga wasu da ba mu taɓa jin sunansu a makarantar zaure ba.

Ardo Hamman Sambo ya taso daga Camba, a gefen kogin Faro, ya kafa Tibati a farkon rabin ƙarni na 19, a ƙarƙashin tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kakanninmu suka biyo hanyar da ta buɗe, fatake masu neman hauren giwa da goro, da mahauta, da wanzamai, da madinka. A cikin kayan ayarin akwai gafakar malam, kuma abin da ke cikinta shi ne abin da ake karantawa a Kano da Katsina da Zazzau: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, sai wanda ya yi nisa ya kai Muhtasar. Jamusawa sun ci garin a 1899, Faransawa sun gaje su a lokacin yaƙin duniya na farko, ƙasa ta sami 'yanci a 1960, amma jerin littattafan nan bai sauya ba. Da su ne har gobe yaron Tibati yake koyon tsarki.

To, a cikin waɗannan littattafai akwai wata ƙa'ida ta mazhabarmu ta Malikiyya wadda kowa ya haddace. Wanda ya tabbata ya yi alwala, sa'an nan ya yi shakka ko ta karye, zai sake ta. Sauran mazhabobi uku ba su ce haka ba, a wurinsu yaƙini ba ya gushewa saboda shakka. Mu muka ɗauki hanyar da ta fi tsanani, kuma akwai hikima a ciki ga mai lafiya. Amma malaman da suka kafa ƙa'idar sun rataya mata togiya, kuma togiyar ce yawancinmu muka bari a kan tabarmar makaranta. Sun ware mutumin da suka kira mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi, ta zame masa abokiyar zama. Masu sharhin Muhtasar sun iyakance shi da wanda shakka take zo wa kowace rana, ko da sau ɗaya. Hukuncinsa daban ne: ba ya sake alwala saboda shakka. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya umarce shi a babin rafkanuwa da ya kau da kai daga shakkar, kada ya gyara komai, ya yi ba'adi kawai. Shehu Abdurrahman Al'ahalari, mutumin yankin Biskara a Aljeriya, ya maimaita wannan hukunci a ɗan littafin da muke biya wa yara 'yan shekara goma, har ya ambaci mai waswasi da sunansa.

A duba wannan da kyau. Fiye da shekara dubu da suka wuce, fiƙihunmu ya gane cewa akwai shakkar da ba daga rashin sani take ba, ba kuma daga sakaci ba, kuma biye mata ƙara mata ƙarfi yake yi. Mai yoyon fitsari an yi masa sauƙi a babin tsarki saboda larura ce a jikinsa. Mustankihi ma a kusa da shi aka ajiye shi. Malaman ba su kira shi waliyyi ba, ba su kira shi mahaukaci ba. Mai larura suka ɗauke shi.

Tushen wannan ya girmi littattafan fiƙihu. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna kukan cewa suna jin abubuwa a zukatansu waɗanda suke jin nauyin furta su, sai ya shaida musu cewa wannan jin nauyin shi ne tsantsar imani. Usmanu ɗan Abil Asi ya kawo ƙarar abin da yake shiga tsakaninsa da karatunsa a sallah. An kuma kawo masa labarin mutumin da yake jin kamar wani abu ya fita daga gare shi yana sallah, ya hana shi fita sai ya ji sauti ko wari. Anas ya ce da mudu guda yake alwala, mudun Nabin nan da muke awon zakkar fidda kai da shi, wanda ruwansa bai cika lita ɗaya ba. Mai buta uku ya ninka wannan sau nawa? Daga baya Ibnu Ƙudama, wanda ya rasu a 620 bayan hijira, ya keɓe risala guda a kan masu waswasi, Ibnul Ƙayyim ya faɗaɗa ta a cikin Igasatul Lahfan. Shehu Usmanu kansa, a Ihya'us Sunna, ya lissafa yawan kwarara ruwa da wuce wanki uku a cikin bidi'o'in alwala.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata mu faɗa da ladabi. Yawancin waɗannan rubuce-rubuce tsawatarwa ce. Suna gaya wa mai waswasi ya daina, kuma gaskiya suka faɗa. Amma magidancin da ya zo zaurenmu ya san ya kamata ya daina. Dainawar ce ta gagare shi, kamar yadda mai tari ya san ba a tari a cikin huɗuba.

Wanda ya fara zama ya dubi abin da idon likita, cikin malaman Musulunci da rubutunsu ya iso gare mu, shi ne Abu Zaidin Albalhi, almajirin Alkindi, wanda aka haifa kusa da Balh a ƙasar Afganistan ta yau, ya rasu a 934 miladiyya. A littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya ware babi ga waswasin ƙirji da zancen zuci. Ya danganta shi da yanayin halittar jikin mutum, ya lura cewa yana hana mai shi jin daɗin ci da sha da aiki, ya ba da shawarar a guji kaɗaici da zaman banza, a kuma riƙi amintaccen aboki wanda zai riƙa warware wa mutum ƙaryar tunaninsa. Littafin ya daɗe a kwance a ɗakin karatu na Ayasofiya a Istanbul, sai a zamaninmu ya koma hannun jama'a, musamman bayan Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashensa na lafiyar rai zuwa Turanci a 2013.

Kada kuma a ɗauka ciwon Musulmi ne kaɗai. Maƙwabtanmu Kirista, Baya da Bute da sauransu, malaman cocinsu sun san shi tun da daɗewa. Ignatiyus na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jezuwit, ya yi watanni a garin Manresa a 1522 yana komawa wurin limamin coci yana sake furta zunuban da ya riga ya furta, har abin ya kusa halaka shi. Martin Luta ma haka ya gajiyar da mai sauraron tubansa. Kowane mai wannan ciwo, a inda ya fi daraja a zuciyarsa yake kama shi. Uwa ta ji tsoron za ta cuci jaririnta, ɗan kasuwa ya koma sau biyar ya duba kwaɗon rumfa, mai ibada kuwa a alwala da niyya da aure. Shi ya sa da Farfesa Ahmad Ukasha ya bincika marasa lafiya 90 a Masar a 1994, ya tarar kusan shida cikin goma waswasinsu ya shafi addini. Likitocin Faransa na ƙarni na 19 sun kira shi haukan shakka, Piyer Jane ya yi babban littafi a kansa a 1903, kuma yau in ka je asibiti a Kamaru za ka ji likita ya ce TOC. An ƙiyasta cewa wajen mutum biyu cikin ɗari suna gamuwa da shi a tsawon rayuwarsu. A lissafa mutanen da suke cika masallacin Juma'a na ƙofar fadar Lamido, a ga ko nawa ke nan.

Duk da wannan sani, har tsakiyar ƙarni na 20 babu ƙwayar da take taɓa ciwon. Kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ya haɗa wani magani mai suna kulomifiramin, wanda ake sayarwa da sunan Anafranil, domin ciwon baƙin ciki mai kwantar da mutum. A 1967 likitoci biyu a Sifen, Fernandez Kordoba da Lofez Ibor, suka ba da rahoton cewa masu waswasi ma suna samun sauƙi da shi. Aka yi shekaru ana gwadawa, har Amurka ta amince da shi domin wannan ciwo a ƙarshen 1989. Kafin nan, a 1987, an fito da fuluwoksetin, wato Prozac, wanda ya fi shi sauƙin ɗauka ga jiki, 'yan uwansa irin su satralin suka biyo baya. Kulomifiramin da fuluwoksetin duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ya fi ba mu mamaki ya faru ne shekara guda kafin rahoton Sifen. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Bikta Meya, ya gwada wata hanya a kan mata biyu: ya sa su fuskanci abin da yake tayar musu da shakka, ya kuma hana su yin abin da suka saba yi don kwantar da ita. Fargaba ta tashi, ta kai ƙololuwa, sa'an nan ta sauka da kanta. Da aka maimaita kwana da kwanaki, ƙarfinta ya karye. Wannan hanya ita ce ginshiƙin jinyar waswasi a duniya yau. Wanda ya karanta Ahalari zai ga ya san fuskarta: ka yi alwala sau ɗaya, shakka ta zo, ka ƙi komawa, ka shiga sallah da ita a ƙirjinka. Bambancin shi ne a asibiti ana hawa matakin ne ɗaya bayan ɗaya, da mai riƙe maka hannu. Ƙwayar kuma aikinta ta rage zafin fargabar har mutum ya iya bin umarnin da malaminsa ya daɗe yana ba shi.

Yadda take aiki ba irin na maganin zazzaɓi ba ne, kuma rashin sanin haka ya sa mutane da yawa suke yar da ita. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu sirotonin. Waɗannan magunguna suna hana a yi saurin janye shi daga tsakanin ƙwayoyin, a hankali sashen da yake yi wa mutum ƙarar “ba ka gama ba, akwai saura” ya rage ihu. Kamar mai gadi ne da yake kururuwar ɓarawo duk lokacin da kyanwa ta taka kwano. Ana yin mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci ko ta karɓi mutum, kuma sau da yawa sai likita ya ƙara awo fiye da na mai baƙin ciki. A makonnin farko ana iya jin tashin zuciya, ko rikicewar barci, ko ma fargabar ta ɗan ƙaru, kuma matashi yana bukatar a sa masa ido sosai a wannan tsakani. Kulomifiramin yana busar da baki, yana taurara ciki. Wasu magidanta sukan ga sha'awarsu ta ragu, abin da kunya take hana su faɗa, alhali likita yana da dabarar gyara shi. Wajen rabin masu sha suke samun sauƙi na a zo a gani da maganin farko, sauran a sauya musu wani. In an samu sauƙi ana ci gaba aƙalla shekara guda, kuma ba a yankewa rana ɗaya. Fuluwoksetin sau ɗaya ake sha a yini, don haka mai azumi yana iya daidaita shi da sahur ko buɗa-baki bisa shawarar likita.

Mun san abin da ake faɗa a majalisu. Na farko, kalmar ƙwaya kanta ta ɓaci a bakinmu, kuma da dalili. Mun ga abin da tiramol ya yi wa 'yan acaɓa da matasanmu a Garwa da Marwa, har nan gida. Mun ga diyazefam a faranti ana tallarsa kusa da goro. Wannan na ƙarshe ma yana ruɗin masu waswasi, domin yana kwantar da faɗuwar gaba cikin minti kaɗan, amma ba ya taɓa tushen ciwon, kuma jiki yana sabawa da shi har ya zama ƙangi. Magungunan da muka ambata ba sa bugarwa, ba sa gusar da hankali, ba wanda yake shan su don ya ji garau a daren biki. Illar da shari'a ta haramta giya dominta ba ta cikinsu. Haɗa su a kwando ɗaya da kayan faranti zalunci ne ga mara lafiya.

Na biyu, ana cewa Alƙur'ani ya faɗi inda waswasi yake fitowa a Suratun Nas, to me ya haɗa Shaiɗan da farmasi? Mu ba mu ga karo a nan ba. Ƙurar hunturu kowa take bugawa, amma mai asma take kayarwa. Ba wanda ya ce mai asma ya bar maganinsa domin ƙura daga Allah take. A nemi tsari, a yi azkar, a sha rubutu in an saba, sa'an nan a gyara ƙofar da ta lalace. Abu ɗaya muke roƙon malamanmu masu ruƙiyya su kiyaye: gaya wa mai waswasi cewa aljani ne a jikinsa, ko ƙara masa wuridi mai adadi wanda in ya yi kuskure sai ya koma farko, zuba wa wuta mai ne. Haka ma amsa masa tambaya guda sau goma. Tausayi ne yake sa a amsa, amma kowace amsa buta ce ta huɗu.

Na uku shi ne batun tawakkali, kuma a nan tarihinmu ya ishe mu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana riƙe da daula ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da risala guda a kan basir. In ɗan Shehu bai ga raunin imani a neman maganin basir ba, ba mu san inda muka samo kunyar neman na ƙwaƙwalwa ba. Muna zaton daga turu da mari muka gaje ta, zamanin da ba a kai mutum neman magani sai ya fara jifa, har sunan “asibitin mahaukata” ya zama abin da ake gudun ya shiga zancen aure.

Wahalar hanya kuwa gaskiya ce. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Kamaru, kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala, a asibitin Jamot da na Lakintini. Daga nan sai mutum ya hau mota zuwa Ngaundal ya jira jirgin ƙasa, ko ya nufi Ngaundere ko Garwa. 'Yan uwanmu na Nijeriya suna da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da na Maiduguri. Amma ba dole sai an fara da nisa ba. Likitan asibitin gari, ko na Ngawubela da ke kusa da mu, yana iya saurara, ya duba ko babu wani ciwon jiki a ƙarƙashi, ya rubuta takardar turawa. Abin da ake bukata shi ne mutum ya faɗi abin da yake damunsa da sunansa, domin da yawa suna zuwa su ce ciwon kai ne ko bugun zuciya, a ba su farasitamol su dawo.

Magidancin nan, dattijonmu ne ya sa ƙanensa ya raka shi wurin likita a wani gari, bayan ya ce masa: “Ɗana, malam ya yi nasa, saura na likita, kuma ni na umarce ka.” Wata na farko ya so ya daina, ya ce ba ya jin komai sai tashin zuciya. A wata na huɗu maganin ya yanke a inda yake saye, aka yi kwana tara ana cigiya kafin wani direba ya taho da shi, kuma a kwanakin nan tsohuwar tambayar ta leƙo. Malam ya yi yadda aka yi yarjejeniya, ya ce ya riga ya amsa, ba zai ƙara ba. Yanzu shekara guda da wata biyu ke nan. Ya ce kalmar tana giftawa har yau, amma kamar muryar rediyon maƙwabci, yana ji yana ci gaba da abin da yake yi. Da asuba buta ɗaya yake ɗauka, ran da sanyi ya yi yawa ko bai yi barci ba yakan kai biyu. Matar tana ɗakinta, kuma surukin da ya kawo ƙarar shi ne yake biyan rabin kuɗin maganin kowane wata.